Jirgin Ƙasa Mai Tsananin Gudu: Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Ran 1 ga watan Oktoba na shekarar 1964, ana sauran kwana tara a buɗe wasannin Olamfik a birnin Tokyo, wani jirgin ƙasa mai launin fari da shuɗi ya tashi daga wannan birni ya nufi Osaka. Nisan tafiyar kilomita 515 ne. A da sai fasinja ya shafe wajen sa'a shida da rabi a kan hanya, amma wannan jirgi da ake kira Shinkansen ya cinye ta cikin sa'a huɗu, da shekara ta kewayo kuma ta koma sa'a uku da minti goma. Sai dai mutumin da ya tsaya kai da fata har aka yi aikin, watau Sogo Shinji, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Japan, ya riga ya bar kujerarsa tun 1963. Dalili kuwa shi ne an gaya wa majalisa cewa aikin zai ci yen miliyan dubu 200, sai ga shi ya lashe kusan miliyan dubu 380. Tun daga ranar farko ke nan ake gardama a kan kuɗin wannan irin jirgi, kuma har gobe ba a gama ba.

Mai karatu zai so ya san abin da ya sa yake da tsada haka. Mafi yawan kuɗin a hanya yake tafiya, taragun ba su kai ko kusa ba. Duk wanda ya taɓa zama a bayan a-kori-kura ya san yadda jiki yake karkata idan direba ya sha kwana da gudu. Wannan ƙarfi mai tura mutum gefe yana ƙaruwa fiye da yadda gudun yake ƙaruwa: idan aka ninka gudu sau biyu, shi sai ya ninku sau huɗu. Saboda haka jirgin da zai yi kilomita 350 cikin sa'a guda yana bukatar kwana mai faɗin gaske, irin wadda za a zana da igiya mai tsawon kimanin kilomita 7. Hanya irin wannan ba ta iya kewaye tsauni ko kwari yadda tsohon dogo yake yi. Dole a huda dutsen, a gina wa kwarin gada. Haka kuma ba a yarda titin mota ko burtalin shanu ya ratsa ta ba, domin jirgin da yake kilomita 300 sai ya yi fiye da kilomita 3 bayan an taka birki kafin ya tsaya. Direba ma ba ya iya karanta alamun gefen hanya, sai an aiko masa da su cikin ɗakinsa ta na'ura. Ga kuma iska: turjiyarta ita ma ninkuwa take yi sau huɗu, ƙarfin lantarkin da ake bukata don keta ta kuwa sau takwas.

Akwai wani abu da ya haɗa mu da Japan a nan. Tsohon dogonsu yana da faɗin milimita 1,067 tsakanin ƙarafa biyu, daidai da wanda Turawa suka kawo Kano a 1911. Ba a iya gyara irin wannan hanya ta ɗauki babban gudu, shi ya sa suka shimfiɗa sabuwa fil mai faɗin milimita 1,435. Kotun binciken kuɗi ta Tarayyar Turai ta ƙiyasta a 2018 cewa kowane kilomita ɗaya na layukan da ta duba ya ci yuro miliyan 25 a tsakaici.

Amma duk da tsadar, layin Tokyo zuwa Osaka ya mayar da kuɗinsa har da riba mai yawa. A 2019 yana ɗaukar fiye da mutum dubu 400 kowace rana, kuma tun da aka buɗe shi babu fasinja ko ɗaya da ya rasu saboda karo ko gocewar jirgi. Asirin yana cikin taswira. Tokyo da Nagoya da Kyoto da Osaka suna jere ne a kan layi guda kamar ƙwayoyin carbi, cike maƙil da jama'a, kuma tsohon dogon ya riga ya cika ya batse tun kafin a fara sabon. Nisan ma ya yi daidai: ya yi wa mota yawa, ya yi wa jirgin sama kaɗan, in aka haɗa da zuwa filin jirgi da jira da bincike. Layin Faris zuwa Liyon da Faransa ta buɗe a 1981 shi ma irin wannan sa'a ya taka.

Matsalar takan fara ne bayan nasara. Kowane ɗan majalisa sai ya so jirgin ya biya ta garinsu. A Japan an miƙa layi zuwa Niigata a 1982, jihar tsohon Firayim Minista Tanaka Kakuei, ta cikin manyan duwatsu, zuwa yankin da jama'arsa ba su kai na gaɓar Tokyo da Osaka ba. Lokacin da aka wargaza hukumar jiragen ƙasar a 1987, bashin da yake kanta ya kai yen tiriliyan 37, ko da yake ba Shinkansen kaɗai ya jawo shi ba. Sifaniya, wadda ta fara da layin Madrid zuwa Sebiya a 1992, ta zama ta fi kowace ƙasa a Turai tsawon irin wannan dogo, amma a 2011 sai da ta soke jirgin da yake haɗa Toledo da Kuwenka da Albasete kai tsaye, domin mutum tara kacal suke shiga a rana. Birtaniya kuwa, da ta ga kuɗi yana ta hauhawa, a watan Oktoba na 2023 ta yanke ɓangaren layinta da zai tashi daga Birmingham zuwa Manchester.

Wancan rahoto na 2018 ya yi amfani da wani ma'auni da malamai za su iya bai wa ɗalibai su auna a aji: layi yana bukatar fasinja miliyan 9 a shekara kafin a ce ya yi nasara. A raba da kwana 365, za a sami kusan mutum 24,660 a rana. Idan jirgi ɗaya yana da kujeru 533, ana bukatar jirage 46 cike taf, 23 su tafi 23 su dawo, kullum, damina da rani.

Wannan adadi na 533 shi ne yawan kujerun Al Boraq na Maroko, jirgi na farko irinsa a nahiyar Afirka. An ƙaddamar da shi a watan Nuwamba na 2018, yana gudun kilomita 320 tsakanin Tanja da Kenitra, ya kuma rage tafiyar Tanja zuwa Kasablanka daga sa'a huɗu da minti 45 zuwa sa'a biyu da minti goma. Ya ci dirhami kusan miliyan dubu 23, wajen rabi daga Faransa aka samo, galibi bashi. Wasu ƙungiyoyi a ƙasar sun yi adawa da shi tun ana gini, suna cewa da makarantu da asibitocin karkara aka yi da kuɗin. Wannan magana tana da nauyi, domin naira ko dirhamin da aka kashe a nan ba zai sake kasuwa a can ba. Masu goyon baya kuma suna nuni da abin da ba ya bayyana a kuɗin tikiti: lokacin da mutane suka tsira da shi, haɗurran mota da aka kauce wa, da tsohon dogo da ya sami sarari don ɗaukar kayan tashar jiragen ruwa ta Tanja. A 2023 fasinjojinsa sun haura miliyan 5, adadi mai kyau ga sabon layi, amma bai kai wancan ma'auni ba tukuna. A 2025 aka ƙaddamar da aikin miƙa shi zuwa Marrakesh.

A ganina, ƙasar da take tunanin wannan aiki gara ta fara ƙirga mutane kafin ta tambayi gudun jirgi. Mutum nawa suke tafiya tsakanin biranen nan biyu a yau, nawa ne cikinsu za su iya sayen tikitin, kuma akwai lantarkin da ba ya ɗaukewa? Inda amsar ta gaza, akwai matsakaiciyar hanya mai rahusa. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, mai tsawon kilomita 186, faɗinsa ɗaya da na Shinkansen, amma an tsara shi ne don gudun da bai wuce kilomita 150 ba. Ko da an mayar da shi na kilomita 300, abin da fasinja zai samu a kan takarda bai wuce minti 37 ba, kafin a cire tsayawa a tashoshin da ke kan hanya.