Wasa Uku A Olamfik, Wasa 82 A NBA: Da Wanne Za A Auna Gwanin Ƙwallon Kwando?

A ranar 10 ga Yuli, 2021, a birnin Las Vegas, 'yan ƙwallon kwandon Najeriya, D'Tigers, suka doke Amurka da maki 90 da 87. Wasan sada zumunta ne, amma kafin wannan dare babu ƙasar Afirka da ta taɓa kayar da Amurka, kuma a cikin waɗanda aka kayar har da Kevin Durant da Damian Lillard. Shekara tara kafin nan, a Olamfik na Landan, Amurkar nan ce ta zuba mana maki 156, mu kuwa muka tashi da 73. Don haka murnar da aka yi tana da dalili. Mako biyu bayan haka aka isa Tokyo, inda kowane wasa yake da lada. Ostareliya ta ci mu 84 da 67, Jamus ta ci mu 99 da 92, Italiya ta ci mu 80 da 71. Muka dawo gida babu nasara ko ɗaya, alhali muna da 'yan NBA takwas. Amurkar da muka doke ita ta rataya zinare.

Kocin bai canza ba, Mike Brown ne. Yawancin 'yan wasan ma su ne dai. To wanne ya faɗi gaskiya a kansu, daren Las Vegas ko makon Tokyo?

Tambayar ta fi shafar mu a nan ƙasar Gumel fiye da mazaunin Legas ko Landan. Wasan NBA da aka fara da magariba a New York, a wurinmu tsakar dare ta wuce, na California kuwa sai gab da asuba. Babu mai gidan kallo a Gumel ko Sule Tankarkar da zai tayar da janareta ƙarfe biyun dare saboda ƙwallon kwando, ga man fetur da tsada, ga masu kallon ba su taka kara sun karya ba. Abin da ke iso mana shi ne guntayen bidiyo a waya, sai kuma manyan gasa irin Olamfik da AfroBasket, waɗanda sau da yawa ake bugawa da rana ko da yamma kuma sunan Najeriya ke ciki. A nan ne saurayin Gagarawa ke ganin ɗan wasa daga farkon wasa zuwa ƙarshe, a nan kuma yake yanke masa hukunci: wane gwani ne, wane kuɗin banza yake ci a Amurka. Hukuncin nan yakan zo da sauri, kuma da wuya a janye shi.

Abu na farko da ya kamata mai kallo ya riƙe shi ne, ƙwallon da ake bugawa ƙarƙashin hukumar FIBA ta duniya da wadda ake bugawa a NBA ba dokarsu ɗaya ba. A NBA wasa minti 48 ne, a FIBA 40. A NBA sai ɗan wasa ya yi laifi shida ake fitar da shi, a FIBA biyar. Layin da ake jifa daga bayansa a ci maki uku yana da nisan mita 7.24 daga kwando a NBA, a FIBA kuwa 6.75, wato ya matso da kusan rabin mita. A FIBA, da zarar ƙwallo ta taɓa bakin ƙarfen kwando, kowa na iya kai hannu ya kaɗe ta, abin da NBA ta hana muddin tana saman bakin. Amma dokar da ta fi kowace tasiri ita ce ta tsayuwa. A NBA ba a yarda mai tsaron gida ya tsaya a gindin kwando fiye da daƙiƙa uku ba sai in yana riƙe da wani. A FIBA babu wannan hani. Ƙaton da ya fi kowa tsawo yana iya kafa ƙafarsa a ƙarƙashin kwando ya jira duk mai zuwa.

Wannan ita ta ci Giannis Antetokounmpo, ɗan Girka wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. A 2019 shi aka zaɓa gwarzon NBA. Ƙarfinsa duk yana cikin kutsawa: ya taho da gudu daga nesa, taku biyu, ya danna ƙwallo a kwando. Watanni kaɗan bayan haka, a gasar cin kofin duniya a China, ya tarar an toshe masa hanya da mutum biyu ko uku, Girka ba ta ko kai zagayen ƙasashe takwas ba. Wanda ya san Giannis a wannan gasa kaɗai zai rantse cewa an zuzuta shi ne. Shekara biyu bayan haka ya ɗauki kofin NBA da Milwaukee, inda ya ci maki 50 a wasan ƙarshe. Luka Dončić na Sloveniya kuwa a Real Madrid ya tashi, cikin cunkoson nan ya koyi wasa, shi ya sa a wasansa na farko a Olamfik ya zuba wa Ajantina maki 48.

Sai maganar aikin da aka ɗora wa mutum. Jordan Nwora yana cikin 'yan Milwaukee da suka ci kofin 2021, amma daga benci ya kalli kusan duk wasannin ƙarshen. Kwanaki kaɗan bayan haka ya saka rigar Najeriya ya ci maki 33 a kan Jamus. Ba a jirgin Tokyo ya koyi jifa ba. A Milwaukee akwai waɗanda ƙwallo ke bi ta hannunsu kafin ta zo gare shi, a D'Tigers kuwa an ce masa jefa. Patty Mills ya shafe shekaru yana shigowa daga benci a San Antonio, amma a Tokyo shi ya ci maki 42 ya samo wa mazan Ostareliya tagullarsu ta farko a Olamfik. Dennis Schröder, wanda mahaifiyarsa 'yar Gambiya ce, ya yi wa ƙungiyoyin NBA sama da takwas wasa, ana ta musanya shi, amma shi ne gwarzon gasar duniya ta 2023 da Jamus ta ɗauka, shi ne kuma gwarzon gasar Turai ta 2025. Abin yakan juya ta ɗaya ɓangaren. Jayson Tatum ya ci kofin NBA da Boston a Yunin 2024, amma a Olamfik na Paris sau biyu Amurka tana karawa da Sabiya bai taka filin ba, domin a wannan tawaga akwai irinsa da yawa.

Ƙungiyoyin NBA su kansu sun ga yadda abin yake. A 2006 a Japan, Vassilis Spanoulis ya ci maki 22 Girka ta fitar da Amurkar LeBron James da Carmelo Anthony da 101 da 95. Ya tafi Houston Rockets, ya yi kaka ɗaya mafi yawanta a benci, ya koma Turai, inda ya zama ɗaya daga cikin manyan gwanayen da nahiyar ta taɓa gani. Gwani ne a Japan, gwani ne a Atina. Houston ce ba ta da gurbin irin wasansa.

Na uku, kuma shi ne aka fi mantawa, ƙarancin wasannin. Kakar NBA wasa 82 ce kafin a shiga zagayen fitar da gwani. A Olamfik ƙasa goma sha biyu ke zuwa, wadda aka fitar da wuri ta buga uku, wadda ta kai ƙarshe ta buga shida. Jifar maki uku, ko a hannun ƙwararru, ba ta cika kai huɗu cikin goma da ke shiga ba. Mai irin wannan hannu in ya jefa goma yau yana iya saka biyu, jibi ya saka bakwai, kuma bai ƙaru ba bai ragu ba. A wasa 82 ranar sa'a da ranar rashin sa'a suna cinye juna, a wasa uku ba su da sarari. A daren Las Vegas Najeriya ta saka jifa 20 masu maki uku, wato maki 60 cikin 90. Ba a tsammanin kowace tawaga ta maimaita haka duk bayan kwana uku. Stephen Curry, wanda ba a taɓa yin majefi kamarsa ba, ya tara maki 29 kacal a wasanninsa huɗu na farko a Paris. Da an fitar da Amurka a nan, da an ce tsufa ya kama shi. Sai ga shi da 36 a kan Sabiya, da 24 a kan Faransa a wasan ƙarshe.

Duk wanda ya san kasuwar dabbobi ta Maigatari ya san bambancin. Dillali ranar Alhamis yana duba haƙorin sa da tozonsa da tafiyarsa, ya faɗi shekarunsa da nauyinsa, kuma da wuya ya kuskure. Amma ko san zai ja garma daga farkon damina zuwa ƙarshenta, wannan manomin da ya yi huɗa da shi ne ya sani. Kowannensu yana da ilimi na gaske, tambayar da suke amsawa ce ta bambanta.

Don haka ban yarda da masu cewa a watsar da gasar ƙasashe gaba ɗaya ba. Akwai abin da take nunawa wanda doguwar kaka ke ɓoyewa: yadda mutum yake in an ce yau in an faɗi an tafi gida, da yadda yake shiga cikin abokan da bai saba da su ba, da ko zai iya ɗaukar nauyin da ƙungiyarsa ba ta taɓa ɗora masa ba. Gabe Vincent, wanda ya ci maki 21 a Las Vegas, babu ƙungiyar NBA da ta zaɓe shi lokacin da ya gama jami'a, kuma a lokacin yana gefe-gefe ne a Miami. A 2023 yana cikin biyar ɗin farko da Miami ta fitar a wasannin ƙarshe da Denver. Wanda ya lura da shi a rigar Najeriya ya riga mutane gani.

Shaidar gasa tana ƙarfi ne idan ta maimaitu. Chamberlain Oguchi bai taɓa buga NBA ba, amma ya ci maki 35 a kan Faransa a Landan a 2012, kuma shi ne gwarzon AfroBasket na 2015 a Tunisiya, lokacin da Najeriya ta doke Angola 74 da 65 ta ɗauki kofin karon farko. Ike Diogu, wanda NBA ta yi ta jefawa daga wannan ƙungiya zuwa waccan, ya ci 27 a ranar da Amurka ta yi mana 156, ya kuma zama gwarzon AfroBasket na 2017 duk da an doke mu a wasan ƙarshe. Matanmu, D'Tigress, sun fi kowa cika wannan sharaɗi. Sun ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere, daga 2017 zuwa 2025. A Paris sun doke Ostareliya 75 da 62, suka doke Kanada 79 da 70, suka zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen ƙasashe takwas a Olamfik. Ezinne Kalu, gwarzuwar AfroBasket ta 2019, ita ta ja ragamar wasannin biyu, ga Murjanatu Musa tana fafatawa a gindin kwando. Abin da aka yi shekara takwas ana yi ya wuce a kira shi sa'a.

A kan 'yan wasan Najeriya kuwa, akwai tambayar da nake ganin wajibi ce kafin a buɗe baki a zarge su: wa ya shirya su, kuma kwana nawa suka yi tare? Ajantinar da ta ci zinare a Atina a 2004, su Manu Ginóbili da Luis Scola, sun yi shekaru suna wasa tare kafin ranar. Mu kuwa tun zaɓen Yunin 2017, da aka yi ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta rabu tsakanin ɓangaren Tijjani Umar da na Musa Kida, gasar cikin gida ta yi shekaru tana tsayawa tana tashi. A Oktoban 2021 D'Tigress suka fito a bidiyo suna neman alawus ɗin da suke bi. A Mayun 2022 gwamnatin tarayya ta janye ƙasar daga wasannin duniya, kafin a janye matakin gurbin matan a gasar duniya ta Sydney ya riga ya koma hannun Mali. 'Yar wasan da ta samo tikitin da guminta ba ta ko sami damar a auna ta ba.

Wanda wannan awo na gaggawa ya fi cutarwa shi ne ɗan gida. Tun 2017 FIBA ke buga wasu wasannin neman gurbi a watannin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da NBA ba ta sakin 'yan wasanta. A irin wannan lokaci ne ƙofa kan ɗan buɗe wa masu wasa a cikin ƙasa, irin 'yan Kano Pillars da Gombe Bulls da Rivers Hoopers. Mutum ya sami minti goma a wasa biyu. In hannunsa ya ƙi a ranar, shi ke nan an rufe littafinsa. In kuma an samo tikitin, sai 'yan waje su dawo su karɓi rigunan. Ɗan NBA da ya yi rashin sa'a a Tokyo yana da wasa 82 da za su wanke shi, kowanne an ɗauke shi a bidiyo, an rubuta kowace jifa. Ɗan gida ba shi da wannan.

Arewa ba baƙuwar wasan nan ba ce. A Zariya Masai Ujiri ya koyi ƙwallon kwando a hannun koci Oliver Johnson, ya je ya shugabanci Toronto Raptors har ta ɗauki kofin NBA a 2019, kuma gidauniyarsa ta Giants of Africa tana shirya wa matasa sansanin horo tun 2003. Masu farautar 'yan wasa da ke zuwa irin waɗannan sansanoni suna da kwana biyu ko uku ne su ma, don haka yaron da ya zo da shaidar wasanninsa na baya ya fi wanda ya zo da tsawo kaɗai. Shaidar nan ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. In makarantun sakandaren Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar za su riƙa karawa da juna duk zangon karatu, ya isa malamin wasanni ya zauna da littafi da biro ya rubuta wa ya jefa, sau nawa, nawa suka shiga, wa ya cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando, wa ya miƙa wa wanda ya ci, wani ɗalibi kuma ya tsaya a gefe ya ɗauki wasan da waya daga farko har ƙarshe.