Ƙauyen Ingila da ke cin arzikin tsofaffin duwatsu

Ƴan'uwa ƴan kasuwa, yau hirarmu ta tsallaka zuwa Avebury, wani ƙaramin ƙauye a gundumar Wiltshire ta kudancin Ingila. Wani ɓangare na ƙauyen yana zaune ne cikin da'irar manyan duwatsu da aka kakkafa fiye da shekara 4000 da suka wuce. Faɗin da'irar ya kai wajen mita 330, da duwatsu kusan 100 a asali.

Abin mamaki, mutanen garin da kansu suka so hallaka wannan gado. A ƙarni na 17 da na 18 sukan hura wuta a gindin dutse, su kwara masa ruwan sanyi ya tsage, su farfasa su yi gini. A shekarun 1930 ne wani attajiri mai suna Alexander Keiller, wanda danginsa suka yi kuɗi da sayar da jam ɗin lemu a Dundee, ya sayi filin, ya tono duwatsun da aka binne ya sake tsayar da su. Ita ma Stonehenge da ke gundumar, gwanjo aka yi da ita a 1915, Cecil Chubb ya saya a kan fam 6,600, ya ba gwamnati kyauta a 1918. A 1986 UNESCO ta sa wuraren biyu cikin kayan tarihin duniya.

To ina ribar? A tsakiyar da'irar akwai mashaya mai rufin ciyawa, Red Lion, irin wadda suke kira pub. Ko da yake giya ce babbar hajar pub, nan ne dandalin Turawan karkara, kamar yadda muke taruwa a teburin mai shayi. Baƙon da ya gaji da kallon duwatsu, nan zai zauna ya ci abinci ya bar kuɗinsa.

A irin waɗannan wurare ake samun pudin, amma a yi hattara, suna ɗaya ne, abinci daban-daban. Na Yorkshire fulawa ce da ƙwai da madara, ana ci da gasasshen naman sa ran Lahadi. Akwai mai zaƙi da ake yi da dabino, a malala masa narkakken sukari. Baƙin pudin kuwa galibi jinin alade ne da hatsi, na Kirsimeti kuma sau da yawa da barasa a ciki. Wanda fatauci ya kai shi can, ya tambaya kafin ya sa hannu.

Mu ma muna da ganuwa, da marina, da tsofaffin gidajen ƙasa irin na Agadas da Damagaram. Wanda ya rushe tsohon gini don ya kafa shago ya ci riba sau ɗaya. Mutanen Avebury kuwa, duwatsun da suka tsira daga gudumar kakanninsu su ne ke kawo musu masu saye har gobe.