Wayar Hannu da Makaho: Ina Gizo Ke Saƙa?

A farkon shekarar 2023, lokacin da takardun Naira suka yi ƙaranci, ciniki a kasuwar Tudun Wada ta Zariya ya koma kan waya. Mai ido yakan buɗe manhajar banki ya tura kuɗin hatsi nan take. Makaho kuwa sau da yawa sai ya miƙa wa wani wayarsa, ya kuma faɗa masa lambarsa ta sirri. Wato sirrin aljihunsa ya koma hannun wani ke nan.

Masu wannan lalura ba kaɗan ba ne. Binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan ɗaya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne. Yanar ido ce kan gaba wajen jawo makantar, sai hawan jinin ido.

Ƙwaƙwalwa ce ke karatu

Aikin ido shi ne ya karɓi haske ya mai da shi saƙo, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa. Idan wannan hanya ta toshe, akwai kunne da fata. Kan yatsa yana iya bambance tsini biyu da ke da tazarar milimita 2 zuwa 3, alhali fatar baya sai tazarar ta kai santimita 3 ko 4. A kan wannan baiwa rubutun makafi na Braille mai ɗigo shida ya dogara. A 1996 masu bincike a Amurka sun nuna cewa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da gani yakan kama aiki yayin da makaho ke karanta Braille da yatsa.

Yadda waya ke magana

Tun 2009 aka samar da manhajoji masu karanta fuskar waya da murya: VoiceOver a wayar iPhone, TalkBack kuma a Android. Makaho zai shafa gilashi, waya ta faɗi abin da yatsansa ya taɓa. In shi yake so, sai ya ƙwanƙwasa sau biyu.

To, a nan gizo ke saƙa. Manhajar ba ta ganin hoto kamar mutum, sunan da maginin manhaja ya raɗa wa kowane maɓalli take karantawa. Idan ya zana kibiya bai rubuta mata “tura kuɗi” a ɓoye ba, waya za ta ce “maɓalli” kawai ta yi shiru. Makaho bai san ko na turawa ne ko na sokewa ba.

Gyaran ba mai tsada ba ne

Tun 1999 aka fitar da ƙa'idojin duniya na sauƙaƙa shafukan intanet ga masu naƙasa, kuma da su ake auna manhajojin waya. Kowane maɓalli ya sami suna. Rubutu ya fita sarai daga launin bayansa, a kuma iya ƙara masa girma saboda tsofaffi. Kada a dogara da ja da kore kaɗai, domin wasu, musamman maza, sun gaji rashin bambance su. Bidiyo ya zo da rubutu saboda kurame. Kamfanin Google ya ba da shawarar kada wurin taɓawa ya gaza kimanin milimita 9. Duk wanda ya ga hannun da kuturta ta taɓa, irin waɗanda ake kula da su a cibiyar Saye da ke Zariya, ya san amfanin wannan.

A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci a Nijeriya, amma aiwatar da manufarta a kan waya yana hannun masu gina manhaja, kuma ɗaliban sakandare na yau su ne maginan gobe. Malami na iya gwada wannan a aji: a kunna TalkBack, ɗalibi ya rufe ido, ya yi ƙoƙarin aika saƙo guda, sauran kuma su ƙirga maɓallan da waya ta kasa faɗin sunansu.