Daga langalanga zuwa batir

Duk wanda ya yi makarantar kwana a Kafanchan ko Kagoro ya san langalanga, ya kuma san kantar da take bari a tafin hannu. Ruwa na sauka tun Afrilu har Oktoba, ciyawar da aka sare yau kafin mako biyu ta sake miƙewa. Inda ake da hali sai a sayi injin yanke ciyawa mai shan fetur, amma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, ba a tayar da shi sai da dalili.

Injin yanke ciyawa mai batir bai yawaita a nan ba tukuna. Ɗan'uwansa ne ya riga shi shigowa gonakin citta na Kachia da Kwoi, wato injin feshi na goyo mai caji. Kukan masu shi kuma iri ɗaya ne: “Bara ya yi aiki lafiya, bana ya ƙi riƙe caji.”

Yawancin waɗannan injunan feshi batirin dalma ne a cikinsu, ƙanen na mota, mai bolt 12. Ciwonsa ɗaya, ba ya son zama babu caji. Manomi ya gama feshin ƙarshe, ya rataye injin a ɗaki har rani ya wuce. A wannan zaman wani farin gishiri ke daskarewa a jikin farantan dalmar, ya toshe su. Damina na dawowa sai a tarar da gawa. Caji sau ɗaya a wata ya isa ya hana wannan asara, kuma abin yana yi mini ciwo ganin ba a gaya wa mai saye tun a shago.

Injin yanke ciyawa kuwa litiyam yake amfani da shi, irin na wayar hannu, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Idan ka buɗe akwatin da aka rubuta wa 40V, za ka ga ƙananan batura masu kama da na tocila, kowanne bolt 3.6 ne, yana kaiwa wajen 4 idan ya cika. Guda goma aka jera bi da bi. Kusa da su akwai ɗan allon lantarki da ke yanke wuta idan zafi ya yi yawa ko caji ya wuce kima. Batirin jabu a nan yake yin ha'inci, shi ya sa yake kumbura, wani lokaci har ya kama da wuta.

Kada girman lambar V ya ruɗi mai saye. Ya nemi lambar Ah, ya ninka ta da ainihin bolt ɗin, wato 3.6 sau goma: bolt 36 sau Ah 5 ya ba da 180, shi ne girman tankin. Na feshi mai bolt 12 da Ah 8 kuwa 96 ne kacal. Jiƙaƙƙiyar ciyawa mai tsawo da dakusasshiyar wuƙa suna shanye tankin nan da nan. Halin litiyam kuma ya saba wa na dalma: ya fi son a ajiye shi da rabin caji a inuwa, ba ƙarƙashin kwanon rufi a zafin Maris ba.

Akwai wani abu da ya haɗa mu da wannan akwati. Baturan litiyam da yawa suna ɗauke da ƙarfen nikel, kuma a 2016 ne kamfanin Comet Minerals na wasu 'yan Ostireliya ya bayyana gano nikel a Dangoma, cikin ƙaramar hukumar Jema'a, tafiya kaɗan daga Kafanchan. Batirin da ke shagunanmu dai har yanzu a kwali yake zuwa, akasari daga Sin.