Kafin Ka Yarda a Yi wa Kwamfutarka Fomat

A shagunan buga takardu na Birnin Kebbi, musamman lokacin da ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru ke rububin haɗa kundin kammala karatu, ana yawan jin wannan magana: "Ta ƙi tashi, sai dai a yi mata fomat." An kunna kwamfuta, fanka na juyawa, amma allo ya yi baƙi ƙirin, sai 'yar kibiya ke yawo ita kaɗai. Haka ma a Argungu wajen ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie. Ba laifin mai gyara ba ne kacokan, mutane ne jere a gabansa, fomat kuma ta fi sauri. Sai dai tana iya tafiya da aikin wata shida cikin minti kaɗan.

Fuskar da kake gani da hotuna da alamomi manhaja ce guda, sunanta explorer.exe a Windows. Idan ta ƙi fitowa, galibi fayilolinka na nan daram. Ƙofar sito ce ta cije, shinkafa na ciki. Abin da ke jawo haka a wajenmu sananne ne: a ɗauke wuta ana tsakiyar sabunta Windows batir kuma ya riga ya mutu, ko manhajar da ke sarrafa allo ta lalace, ko ma'ajiya ta cika maƙil da finafinai.

Fara da danna Ctrl da Shift da Esc a tare. Idan Task Manager ya buɗe, nemi Run new task, ka rubuta explorer.exe. Sau da yawa nan take fuska ke dawowa. In ba ta dawo ba, sake kunna kwamfutar, sannan ka danne maɓallin kunnawa har ta mutu daidai lokacin da alamar Windows ta bayyana, ka maimaita sau biyu ko uku. Da kanta za ta kai ka shafin gyara, inda za ka shiga Safe Mode, ka cire sabuntawar ƙarshe ko ka mayar da kwamfutar yadda take kwanakin baya ta System Restore.

Kada ka raina wannan hanya. Ranar 19 ga Yulin 2024, sabuntawar kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, har jiragen sama suka kasa tashi a Amurka. Maganin da aka bayar shi ne shiga Safe Mode a goge fayil ɗaya tak.

Idan dole sai an je wurin mai gyara, ka faɗa masa tun kafin ya taɓa ta: "Malam, don Allah a fara kwashe min fayilolina." Yana iya tayar da ita da filas mai ɗauke da manhajar Ubuntu, ya kwafe komai, sannan ya yi fomat ɗinsa. Amma sababbin kwamfutoci da yawa a kulle ma'ajiyarsu take da BitLocker, kuma ba ta buɗuwa sai da mabuɗi mai lambobi 48 da ke cikin asusun Microsoft na wanda ya fara saita ta. Wanda ya sayi 'yar gwanjo, ya duba ko nasa asusun ne a kai, ya kwafe lambobin a takarda tun tana lafiya.