Koya wa yara kokawa bayan ambaliyar ruwa

Ambaliyar ruwan shekarar 2022 ta hallaka mutane fiye da 600 a Najeriya, kuma jihar Jigawa na cikin wuraren da suka fi jin jiki.

A irin wannan hali makarantu ne kan koma masaukin waɗanda suka rasa muhalli. Karatu ya tsaya, yara su wuni suna tuna abin da suka gani.

Shi ya sa a wasu ƙasashe masu aikin sa kai kan koya wa yara wasannin kare kai, kamar yadda hukumar Taekwondo ta duniya ta yi a Nepal bayan girgizar ƙasar 2015. Manufar dai ita ce yaro ya samu abin yi a tsayayyen lokaci kullum, a hannun babban da ya amince da shi.

A garuruwa irin su Wurno, a ƙaramar hukumar Birnin Kudu, ba sai an jira baƙi ba. Filin yashi da tsohon ɗan kokawa sun isa. Dambe kam ya yi wa ƙananan yara tsanani.

Matsalar ita ce abinci. Bisa al'ada da kaka ake kokawa, bayan an cika rumbu, ambaliya kuwa gonaki take fara cinyewa.