RODANIYA, GOƊIYAR DA ZURIYARTA TA GAME DUNIYA

A cikin shekarar 1881 ne wani Bature ɗan ƙasar Ingila mai suna Wilfrid Blunt, tare da matarsa Lady Anne Blunt, suka sayi wata jar goɗiya a hamadar ƙasar Sham, suka ɗora ta a jirgin ruwa zuwa gonarsu ta kiwon dawaki da ke Crabbet, a kudancin Ingila. Goɗiyar nan ta kai wajen shekara 12 da haihuwa, jikinta duk tabon raunukan yaƙi, ga ta kuma da mugun hali na yawan harbi. Wanda bai san doki ba, da ya gan ta sai ya ce an yi asarar kuɗi. To, amma yau babu wata ƙasa da ta shahara da kiwon dawakin Larabawa da za a rasa jinin wannan goɗiya a bargarta. Sunanta Rodaniya.

ASALI DAGA UWA YAKE

Bahaushe yakan ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma Larabawan ƙauye, watau makiyayan hamada, ta wajen uwa suke bin salsalar doki. Duƙushi yakan ɗauki sunan dangin uwarsa ne, kome darajar ingarman da ya haife shi. Manyan dangogin da aka fi ambata su ne Kuhailan da Saƙlawi da Ubayyan da Hamdani da Hadban, kowannensu kuma yana da rassa waɗanda ake kira da sunan mutumin da ya riƙe su. Goɗiya suke hawa in za su kai hari, domin ba ta cika haniniya kamar ingarma ba, balle ta tona asirin mahaya. Saboda haka sayar da goɗiya mai asali babban al'amari ne a wurinsu, har akan sayar da rabinta kawai, a yi yarjejeniya a kan 'ya'yan da za ta haifa.

Ita Rodaniya daga dangin Kuhailan take, reshen Ibn Rodan na ƙabilar Ruwala, an kuwa haife ta wajen shekarar 1869. Ta yi suna ƙwarai a hamada, har ta zama sanadin gaba tsakanin shugaban ƙabilar, Sheikh Sattam ibn Sha'alan, da wani ɗan'uwansa. A cikin 1880 sai Tais ibn Sharban na ƙabilar Gomusa ya kama ta ganima a wurin yaƙi, daga hannunsa ne kuma su Blunt suka same ta. Lady Anne ta iya Larabci, kuma ba ta yarda ta sayi doki sai ta binciki asalinsa daga bakin masu shi ta rubuta. Wannan rubutu nata shi ne ya sa har yanzu ake iya bin sawun zuriyar.

'YA'YA MATA UKU

Dukkan wannan zuriya ta 'ya'ya mata uku ta biyo. Ta fari, Rose of Jericho, an haife ta a 1883, aka kai ta Ostareliya a 1891. Ta biyu, Rose of Sharon, an haife ta a 1885, ubanta Hadban. Ta uku, Rosemary, ta zo a 1886. Da a ce cuta ko hatsari ya ɗauke waɗannan uku tun suna duƙusai, da sunan Rodaniya ya ɓace kamar na dubban goɗiyoyin hamada da babu mai tunawa da su.

Rose of Sharon ita ce ta fi yaɗa iri. Ɗanta Rafyk ya tafi Ostareliya a 1891, wani ɗan nata kuma, Rijm, ya zama ɗaya daga cikin manyan ingarmun Crabbet. A 1905, tana da shekara 20, wani Ba'amurke mai suna Spencer Borden ya saye ta da ciki ya ƙetare teku da ita, a shekara mai bi ta haifi Rodan, wanda jikansa Gulastra ya yi suna a Amurka. Amma babbar gadonta ita ce 'yarta Ridaa, wadda aka haifa a 1892. Ridaa ta haifi Risala da Riyala, Risala kuma ta haifi Rissla a 1917. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: daga waɗannan goɗiyoyi ne aka samu mafi yawan dawakin Crabbet da sunayensu suka fara da harafin R, domin al'adar gonar ita ce a raɗa wa duƙushi suna da harafin farko na sunan uwarsa.

DAGA INGILA ZUWA MASAR, AMURKA DA RASHA

Lady Anne ta rasu a Alƙahira a 1917, sai rikicin gado ya tashi tsakanin mijinta da 'yarsu, Lady Wentworth, har ta kai su gaban kotu. A 1920 gonar ta koma hannun 'yar, a shekarar kuma hukumar aikin gona ta Sarkin Masar ta sayi dawaki wajen ashirin daga Crabbet. A cikinsu akwai 'yan duƙusai mata biyu, Bint Rissala da Bint Riyala. Ta haka jinin da ya bar ƙasar Larabawa shekara 39 da suka wuce ya komo gida. Bint Rissala ta haifi Kateefa, uwar shahararren ingarman nan Alaa El Din na 1956, ta kuma haifi Yashmak, uwar Rashad Ibn Nazeer.

A Amurka kuwa, attajirin nan W.K. Kellogg ya sayi Raseyn a 1926 ya kai shi gonarsa ta Kalifoniya. Ta wajen uwa, Raseyn tattaɓa-kunnen Rosemary ne. Sai kuma Raffles, jikan Rissla, wanda aka haifa a 1926 bayan an haɗa uwarsa Rifala da ubanta na cikinta, Skowronek. An ɗauka ba ya haihuwa, shi ya sa aka ba da shi kyauta ga Roger Selby na Jihar Ohio a 1932. Daga baya ya soma ba da 'ya'ya, har ya zama ɗaya daga cikin ingarmun da jininsu ya fi yawa a ƙasar.

Har ila yau, a 1936 gwamnatin Tarayyar Sobiyat ta sayi dawaki 25 daga Crabbet domin gonarta ta Tersk. A cikinsu akwai Rissalma, 'yar Rissla, wadda ta haifi Priboj a 1944, ingarman da ya zama ginshiƙin kiwon dawakin Larabawa a Rasha.

ABIN DA KIMIYYA TA GANO

Masana sun tabbatar da cewa akwai wani ɓangare na ƙwayoyin gado a jikin dabba wanda ta wajen uwa kaɗai yake bi, ba ya gauraya da na uba. Wani bincike da Ann Bowling da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya suka buga a 2000 ya yi amfani da wannan wajen gwada salsalar dawakin Larabawa. Sun tarar cewa sunan dangi kaɗai ba ya nuna uwa ɗaya aka haɗa, domin akan sami goɗiyoyi masu sunan dangi ɗaya alhali kuwa tushensu daban. Watau ke nan, abin dogara shi ne rubutaccen tarihi, uwa bayan uwa, irin wanda Lady Anne ta fara.

An rufe gonar Crabbet a 1971, sabuwar babbar hanyar mota ta ratsa filayenta. Amma mai kiwon da ya buɗe littafin asalin dawakinsa a Alƙahira ko Tersk ko Kalifoniya, in ya bi sunayen iyaye mata ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa a kan sunan Rodaniya zai tsaya.